Shekarar da Aka Ce Ba Ta da Muhimmanci

A 1981 Ray Huang ya fitar da littafi a kan daular Ming, wadda ta mulki ƙasar Sin daga 1368 zuwa 1644. Ya tsallake ranar kafuwarta da ranar faɗuwarta, ya tsaya a kan 1587, shekarar da shi kansa ya kira mara muhimmanci a sunan littafin. Mun ji daɗin karatunsa, amma muna da ja.

Mu fara da abin yabo. Huang ya ɗora littafin a kan mutum shida. Akwai Sarki Wanli, wanda ya hau gado yana yaro a 1572. Akwai wazirinsa Zhang Juzheng, wanda ya tsananta wajen tara haraji, ya rasu a 1582, bayan shekara biyu fada ta ƙwace dukiyar iyalinsa. Akwai Shen Shixing, waziri mai neman sulhu. Akwai Hai Rui, ma'aikacin da ya tanadi akwatin gawarsa kafin ya aika wa wani sarkin baya takardar suka. Akwai Janar Qi Jiguang, wanda ya murƙushe 'yan fashin teku, aka yi watsi da shi bayan mutuwar Zhang. Sai malami Li Zhi, wanda ya kashe kansa a kurkuku a 1602. Mai gaskiya da mai ƙwazo da mai haƙuri, duk tsarin ya haɗiye su.

Hujjar Huang ita ce, manyan ma'aikata sun samu muƙami ne ta cin jarrabawa a kan littattafan Konfushiyas, don haka kowace matsalar mulki sai su mayar da ita zancen ɗa'a, alhali doka da lissafin kuɗi sun yi rauni. Sarkin ma bai tsira ba. Ya so ɗan matar da ya fi ƙauna ya gaje shi, ma'aikata suka kafe a kan babban ɗansa. Sai ya yi fushi, ya ƙaurace wa zaman fada shekara da shekaru.

Inda muke ja shi ne, Huang ya riga ya san ƙarshen labari, don haka komai na 1587 ya zame masa alamar ajali. Daular kuwa ta ƙara shekara 57 a raye. Sarkin da aka nuna mana a kulle cikin fada shi ne ya tura sojoji Koriya tsakanin 1592 da 1598, suka taimaka aka hana mayaƙan Japan cinye ƙasar. A zamaninsa azurfa na kwararowa daga Japan da Manila, kasuwar siliki da tangaran na ci, masu ɗab'i na buga littattafai. Waɗannan ba su samu fili sosai a littafin ba. Abubuwan da suka ƙarasa Ming kuma daga baya suka zo: fari, yunwa, annoba, ƙarfin Manchu a arewa, da tawayen Li Zicheng wanda ya shiga Beijin a 1644.

Huang ya nuna mana inda bango ya tsage, mun kuma yarda ta nan ƙadangare ya shiga. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce tun 1587 babu sauran gyara. Mai karatun da ya karɓi wannan zai yanke ƙauna daga kowace ƙasa da ya ga tsaga a bangonta. A karanta littafin, ya cancanta, amma a tuna cewa mutanen 1587 ba su san da 1644 ba.