Kafin Ka Rubuta Shekarun Tsohon Abu, Faɗa Mana Wa Ya Ƙirga

A shekarar 1828 wani masanin halittu ɗan Sikotlan, Sir John Dalyell, ya ɗauko wata 'yar halittar teku daga duwatsun gaɓar North Berwick, ya kai ta gidansa a Edinburgh ya sa a kwalbar gilashi mai ruwan teku. Anemon ake kiran irinta. Dabba ce, sai dai idan ta manne da dutse ta baza 'yan hannuwanta, mai kallo zai rantse fure ne. Ana sake mata ruwa, ana ba ta ɗan naman kifin kwanso jefi-jefi, ta yi ta haihuwa har 'ya'yanta suka kai ɗaruruwa, aka laƙaba mata suna Granny, wato Kaka. Ba ta mutu ba sai ranar 4 ga Agusta, 1887, bayan kusan shekara 59 a hannun mutane.

Ni dai na yarda da wannan lissafi, kuma ba don Turawa ne suka faɗa ba. Na yarda ne domin kowane hannu da ta bi an san mai shi. Dalyell ya rubuta labarinta da zanenta a littafinsa kan dabbobin Sikotlan. Da ya rasu a 1851 ta koma wurin Farfesa John Fleming, daga shi sai likita James McBain, daga nan sai lambun tsirrai na sarauta da ke Edinburgh, inda John Sadler ya riƙe ta, bayansa Robert Lindsay. Har littafin baƙi aka ajiye mata, masu zuwa kallo suna sa hannu, kuma jaridu sun buga labarin mutuwarta. Wanda duk ya zauna rubuta mata maƙala a kundin ilimi yana da abin dafawa a kowace gaɓa, mai bitar aikinsa kuma yana da abin da zai buɗe ya duba.

To, a dawo gida. A watan Oktoba na 2019 kunkurun fadar Soun, wato sarkin Ogbomoso, wanda ake kira Alagba, ya mutu, aka ce shekarunsa 344. Kafin wani lokaci adadin ya cika jaridu da wayoyi. Masana dabbobi da BBC ta tuntuɓa sun nuna shakka ƙwarai, domin irin wannan kunkuru na yankin Sahel ba a san shi da kaiwa ko kusa da haka ba. Ba raina tarihin mutanen Ogbomoso nake yi ba. Suna da haƙƙin girmama abin fadarsu, kuma labarin kansa tarihi ne da ya cancanci a adana. Amma "fada ta ce shekarunsa 344" magana ce daban da "shekarunsa 344". Ta farko gaskiya ce da za a iya tabbatarwa. Ta biyu kuwa sai an kawo wanda ya ƙirga.

Wannan bambanci shi ne nake ganin yana ɓacewa a yayin da ake ciki yanzu, na rubuta maƙaloli da Hausa a kundin Wikipedia. Yayi ne mai kyau, ina murna da shi har zuciyata, domin yara da yawa yau a waya suke fara neman sani, kuma gara su same shi da harshensu. Abin da ke damuna shi ne gaggawa. Ana gasar yawan maƙala, sai a ɗauko ta Turanci a juya, a kwaso jerin madogararta gaba ɗaya a liƙa a ƙasa, alhali mai juyawar bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mai bita shi ma ya leƙa, ya ga lambobi a ƙarshen jimloli, ya ce ta yi. Idan kuwa batun na gida ne, abin ya fi muni: madogarar ita ce wani shafi da ya kwafo daga wani shafi, wanda shi ma ba a san daga ina ya ji ba.

Ɗauki Wusasa, nan gefen dutsen Kufena. Garin ƙarami ne, amma takardunsa sun fi na manyan garuruwa da yawa. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929, aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da Miller ya yi wa aiki ya fito a 1932, shi kuma ya buga tarihin rayuwarsa a 1936. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wasiƙun CMS suna ajiye a Jami'ar Birmingham, fayilolin Lardin Zariya suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, ga Arewa House, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, waɗannan na gida kuwa tafiya ce da ba ta fi ƙarfin kuɗin mota ba. Duk da haka sai ka karanta rubutu kan Wusasa ka tarar shekarar ƙaura ta saɓa da ta wani rubutun, kuma babu wanda ya ce ga takardar da ya gani. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Almajirin da ya zauna a zauren malami a cikin birnin Zazzau ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, wane daga wane daga wane, kuma idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya an sauke darajar ruwayar. Jerin masu riƙon Granny isnadi ne, ba wani abu ba. Me zai sa mu tsananta a fage ɗaya, mu sake a wani?

Na san abin da za a ce: yawancin tarihinmu a baka yake, in aka dage sai takarda, Bature kaɗai zai yi magana a kanmu. Wannan ƙorafi yana da nauyi, ban musa ba. Amma dubi yadda aka yi da Baba ta Karo. Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta abin da ta faɗa da sunanta da lokacinsa, littafin ya fito a 1954. Maganar baka ce ta tsohuwa Bahaushiya, ga shi yau jami'o'in duniya suna kafa hujja da ita. Takardar ba ta ƙara wa Baba gaskiya ba. Abin da ta yi shi ne ta ba mu damar sanin wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa. Dattawan Wusasa da suka yi makarantar mishan suna raguwa, kuma kowane matashi yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa.

Saboda haka kirana ga masu rubutu: kada ka sa madogarar da ba ka buɗe ba, kuma inda da'awa ce ka ce wane ne ya yi ta. Masu bita, ku zaɓi ko da jimla uku ku bi su har shafin littafin kafin ku amince da maƙala. Malaman sashen tarihi da na Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, ku tura ɗalibanku Wusasa da unguwannin birni su ɗauki hirar dattawa da suna da rana, ku buga ta, domin masu rubuta kundin su sami abin dogaro.