Baƙi Biyar a Krakow: Bitar Littafin Koyon Polanci

Ba kasafai littafin koyon harshe yake da daɗin karatu ba, amma Polski, krok po kroku yana da shi. Malamai mata huɗu ne suka rubuta shi: Iwona Stempek, Anna Stelmach, Sylwia Dawidek da Aneta Szymkiewicz. Ya fito a 2010 daga makarantar Glossa ta birnin Krakow, wadda aikinta ke nan, koya wa baƙi harshen ƙasar Polan. Juzu'in farko darasi 26 ne, na wanda bai san ko gaisuwa ba.

Gwanintar marubutan ita ce, ba su fara da jera ƙa'idoji ba. Ɗalibai biyar suka tara a aji ɗaya don gajeren kwas: Mami daga Japan, Angela daga Ingila, Uwe daga Jamus, Javier daga Ajantina, Tom daga Amurka. Kai mai karatu kai ne na shida. Da su za ka shiga kanti, da su za ka tambayi hanya, da su za ka zauna gidan abinci kana duban sunayen girkin da ba ka taɓa ji ba. Mami ce ta fi shiga raina. A gidan wasu mutanen garin aka sauke ta, don haka karatunta ba ya ƙarewa da tashi daga aji, yana bin ta har wurin cin abincin dare. Duk wanda ya bar Kwaya ko Dungass yana yaro, aka ajiye shi gidan wani a Damagaram don lakwal, ya san wannan zama na baƙon da kunnensa ke buɗe, bakinsa na nauyi.

Polanci kuwa ba kanwar lasa ba ne. Suna ɗaya yakan sauya ƙarshensa bisa halaye bakwai, gwargwadon aikinsa a jimla, ga baƙaƙe da ke cunkushewa uku huɗu babu wasali a tsakani. Littafin bai ɓoye wannan wahala ba, amma ya san lokacin da zai kawo ta. Sai buƙata ta taso a labarin, wani yana son sayen abu ko faɗin sana'arsa, sannan ƙa'idar ta bayyana. Haka ladabin magana: tun darussan farko ake nuna maka wanda za ka kira da pan ko pani da wanda za ka yi wa maganar tsara. Bahaushen da ya tashi da "ranka ya daɗe" ba zai sha wuya a nan ba.

Iyayenmu da suka karanta Mamadou et Bineta na André Davesne sun san amfanin sa yara masu suna a littafi, sai dai su da bulala da tsoro suka koyi Faransanci. Nan kuwa ɗalibi yakan yi kuskure, a yi dariya, a ci gaba.

Ina da ƙorafi biyu. Littafin duka da Polanci yake, har umarnin aikin gida, abin da ya dace da wanda ke zaune a Krakow da malama a gabansa. Matashin da ke Magarya shi kaɗai, intanet na zuwa na ɗaukewa, zai jigata kafin ya kai darasi na biyar. Na biyu ya fi damuna: cikin ɗaliban nan babu ɗan Afirka ko ɗaya, alhali ƴan Afirka na karatu a jami'o'in Polan, kuma a Jami'ar Warsaw an daɗe ana koyar da Hausa, inda Stanisław Piłaszewicz ya yi nazarin rubuce-rubucen Alhaji Umaru, Nina Pawlak ta rubuta littafi a kan harshen.

Tunda Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ina fata malaman Jami'ar André Salifou su duba wannan tsari, su yi wa Hausa irinsa. Baƙi biyar a Damagaram, ɗaya a sauke shi unguwar Birni, a kai su kasuwar Dole su koyi ciniki.