Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Daji Da Hikimar Magabata A Ƙagaggun Labaranmu

Duk mai bibiyar rubuce-rubucen da 'yan'uwa ke kawowa zauren karatu zai lura da wani sabon yayi. Tun da zaman ƙasa ya dagule, ga 'yan bindiga a dazuzzukan Rugu da Kamuku, ga tsadar abinci, ga ambaliya irin wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024, marubuta da dama sun shiga mayar da taurarinsu ƙauye neman waraka. Jigon yana da kyau, mun kuma yaba da niyyar. Inda muke da ja shi ne wajen warwararsa.

Zubin kusan iri ɗaya ne. Tauraro ya karye a birni, ya koma garinsu, ya tarar da tsoho a gindin "wata bishiya", tsohon ya jero masa karin magana huɗu ko biyar, shi ke nan hankali ya kwanta. To, wace bishiya ce? Kuka ce ko tsamiya? Ɗorawa ce da ake daddawa da kalwarta, ko kaɗanya mai ba da man kaɗe? Bazara ake ciki ko kaka? Marubucin bai faɗa ba, domin shi ma bai sani ba. Wanda kuwa bai san sunan itace ba, ina zai san hikimar da ke tattare da shi?

Mu ɗauki gawo misali. Manomin Hausa ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sun koma ga wannan sani. Suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohonsa ya girma suna yi masa aski. Da haka aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Haka nan a shekarun yunwa, iyayenmu mata sun san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a ci a rayu. Wannan ita ce hikimar magabata: aiki ne da ake yi da hannu, wanda ya tsayar da rai. Ga labari nan kwance, mai tashin hankali da jarumta, amma mun tsallake shi mun tafi neman tsoho mai zuba zance.

Magabatanmu a rubutun zube ba su yi wannan sakacin ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, hamada tana da hannu a cikin labarin, domin guguwar rairayin da ta binne ayari ita ta juya rayuwar tauraron. Mai karatu yana jin ƙishirwa da nisan tafiya a jikinsa. A nan ƙasa ba labule ba ce da aka rataya a bayan 'yan wasa.

Akwai kuma tarko na biyu, wato mayar da ƙauye aljanna. Ƙauyen da muke tura taurarinmu su huta, a wurare da yawa mutanensa ne suka gudo birni, wasu ma sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Itatuwan da muke yabo ana sare su ana gawayi, saboda talaka ba shi da wani makamashin. Labarin da ya rufe ido ga wannan ya yaudari mai karatu. Sannan ba duk abin da aka gada ne hikima ba. A ciki akwai sani, akwai camfi, kuma aikin marubuci ne ya sheƙe ya fitar da tsaba daga ƙaiƙayi.

Shawararmu ga masu tasowa ita ce, kafin a ɗauki alƙalami a ɗauki takalmi. A je gona, a zauna da manomi da makiyayi da mafarauci da ungozoma, a tambayi sunan kowane tsiro da lokacinsa da amfaninsa. A bar hikimar ta fito ta aikin tauraro, kada a cusa masa ita a baki. Tsofaffin nan suna ƙarewa, kuma duk wanda ya tafi yana tafiya da sunayen da ba mu rubuta ba. Idan muka yi jinkiri, jikokinmu za su karanta littattafanmu su tarar babu komai a dajin Hausa sai "wata bishiya".

Allah ya ƙara mana basira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.