Muryar da ba ta amsa gaisuwa

Kamfanin Celtel ya fara aiki a ƙasar nan a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani Telecom. Sunaye da launin alluna sun yi ta sauyawa, amma mai salula a Madawa ko Magarya bai taɓa taka ofishinsu na Yamai ba. Abin da ya sani na kamfani shi ne muryar da ke ce masa ya danna ɗaya ko biyu, da ƴan layukan da ke fitowa a fuskar wayarsa. Wannan rubutu ya fi kowane littafin da muke koyarwa yawan masu karatu, saboda haka ya cancanci a yi masa nazari irin na adabi.

Ciniki a wurin Bahaushe da gaisuwa yake farawa. Mai tebur zai tambaye ka kwanan gida kafin ya tambaye ka abin da kake so, in ka kawo kuka ya saurara har ka dire. Na'ura kuwa ta riga ta kasa matsaloli kashi huɗu ko biyar, wanda tasa ba ta faɗa cikin kason ba sai ya yi ta zagaye kamar raƙumin sakiya, har ya gaji ya kashe waya.

Inda abin ya fi tsanani shi ne lissafi. A kasuwanninmu da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Abin da allo ya rubuta 100, tsohuwa ta san shi da dala ashirin. 1000 kuma jikka ce. Duk wanda zai aika kuɗi ta waya sai ya yi fassara biyu a kansa, ta harshe da ta lissafi, kuma sifiri ɗaya da ya ƙaru bisa kuskure na iya cinye cefanen wata. Shi ya sa ake miƙa wayar, har da lambar sirri, ga yaron shago ko ɗan makaranta.

Su ma haruffanmu ba su tsira ba. Saƙon waya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ sai ya ragu zuwa 70, don tsarin farko bai san da su ba. Sai aka jefar da ƙugiya, ƙasa ta zama kasa. Malami ya kwana yana gyara wa ɗalibi wannan, waya ta rushe da safe.

Ba a musun amfanin na'urar. A fari na 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a ƙauyukan jihar Tawa, wasu ta hanyar Zap, wasu hannu da hannu. Binciken Jenny Aker da abokan aikinta ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da jira, abincin gidajensu ma ya fi yalwar iri. To amma an ba su wayoyin, an kuma zauna an koya musu.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Idan za a rubuta wa waɗannan na'urori Hausa, a nemi malamai da masu aikin rediyo su rubuta ta tun daga tushe, a gwada ta a bakin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram, kuma muryar ta faɗi kuɗin da dala kafin ta nemi a danna amincewa.