Buhu da Mangala: Nazari a kan Taki da Ƙarfin Ƙasa a Karkarar Kano

Duk shekara idan damina ta kawo kai, maganar taki ce ke cika gidajen rediyo da majalisun manoma: nawa ne buhun kamfa, nawa ne yuriya, yaushe na gwamnati zai iso, wa zai samu, wa zai rasa. Lissafin duka na buhu ne. Ba kasafai ake tambayar halin da ƙasar da za a zuba wa takin take ciki ba, alhali duk wanda ya daɗe yana noma ya san akwai gonar da buhu ɗaya ke isarta, akwai kuma wadda ko uku aka zuba mata sai dai ta yi kore na ɗan lokaci ta koma gidan jiya. Ita ce manoma ke cewa ta gaji. Wannan nazari zai dubi al'adar haɗa noma da kiwo a karkarar Kano, domin a ga abin da ya riƙe ƙasarta shekara da shekaru, da matsayin takin zamani a cikin wannan al'ada, da kuma wuraren da take yin rauni a yau.

Abin da ke riƙe da ƙasa

Damƙi ƙasar bayan gida, inda aka daɗe ana zuba shara da toka. Za ka ji ta da laushi, launinta ya yi duhu, idan da ɗan danshi sai ta dunƙule a hannu. Je ka gonar jeji da ta shekara goma ba ta ga taki ba, ka damƙi tata: fara ce fat, tana zurarewa ta tsakanin yatsu. Bambancin shi ne ruɓaɓɓen abin da ke cikin ta farko, wato ragowar saiwa da ganye da kara da kashin dabbobi. Fiye da rabin nauyin wannan ruɓaɓɓen abu sinadarin kabon ne, shi ya sa masana ke auna kabon idan suna son sanin ƙarfin ƙasa. Tsiro ne ke jawo shi daga iska ta ganyensa da taimakon hasken rana, kuma ta hanyar tsiro kaɗai yake shiga gona, ko kai tsaye ko bayan ya bi ta cikin dabba.

Aikinsa uku ne. Yana riƙe ruwa, ta yadda shuka za ta jure idan sama ta ɗauke na kwana goma. Yana riƙe abincin shuka kada ruwan sama ya wuce da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Yana kuma ciyar da ƙananan halittun da ke narkar da taki har shuka ta iya sha. A ƙasar jigawa irin ta Kano da Katsina da Maraɗi, kabon bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, gonaki da yawa ma ba su kai rabin haka ba. Laka ce ke iya ɓoye kabon ya daɗe, yashi kuwa ba ya riƙe shi, ga zafi ga gara suna cinye abin da aka zuba cikin damina ɗaya ko biyu. Saboda haka ƙarfin irin wannan ƙasa ba ya ajiyuwa. Sai an riƙa sabunta shi kowace shekara.

Yadda aka yi noma ba hutu

A yawancin ƙasashen savana, maganin gajiyar gona shi ne a bar ta ta zama saura, ciyawa da itatuwa su mayar mata da ƙarfi. Kewayen Kano ya daɗe da wuce wannan, domin jama'a sun yi yawa, fili ya yi kaɗan. Tun a 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya yaba albarkar ƙasar Kano da yawan ƙauyukanta. A shekarun 1960, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi bincike a wannan karkara, ya tarar kusan kowace gona ana noma ta kowace shekara, kuma ba ta mutu ba.

Dalilin yana cikin tsarin aikin gida. Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa. Idan kaka ta yi, ba a barin komai ya lalace: a tsige karmami, a ɗaure harawa a ɗora bisa bishiya ko soro, a kwashe kara, a tara kowar wake da ƙaiƙayi da dusa. Awaki da tumaki, waɗanda yawanci na mata ne, suna ɗaure a turke tsawon damina don kada su yi ɓarna, ana kawo musu ciyawar da aka cire a gona. Kashinsu da ragowar abincinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida duk juji ɗaya suke haɗuwa. Da bazara sai a ɗora mangala a kan jaki, a riƙa jigila, a sauke tsibi-tsibi a gona, a baza idan ruwa ya kusa, huɗa ta binne. Jakan da suka kai itace da hatsi birni kuwa ba sa komawa haka nan, takin birni suke ɗaukowa.

A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin abin da ke shiga da abin da ke fita daga gonakin ƙauyen Tumbau da ke wannan karkara. Ta nuna cewa wake da gyaɗa su ne ginshiƙin tsarin: saiwarsu na kamo sinadarin naitirojin daga iska, harawarsu na ciyar da dabbobi, kashin dabbobin na komawa gona. Hatta ƙurar hunturu na sauke wa ƙasa wasu sinadarai. Wannan ilimi ne cikakke, ko da ba a rubuta shi a littafi ba, kuma manoman da suka gina shi sun cancanci a ɗauke su malamai a wannan fanni.

Sai dai a faɗi gaskiya game da iyakarsa. Dabba ba ta ƙirƙirar taki daga babu. Abin da ta ci a wani wuri shi take saukewa a wani, kuma kusan rabin kabon da ke cikin abincinta ya tafi a numfashi da gina jiki. Shi ya sa gonar kusa da gida ke yin baƙi, ta nesa na yin fari: ana kwaso ƙarfin wannan ana kai wa waccan. Haka ma tsakanin mutane. Talakan da ya sayar da harawarsa don cefane ya miƙa ƙarfin gonarsa ga mai garke.

Abin da buhu ke iyawa da wanda ba ya iyawa

Masu cewa a yi watsi da takin zamani a koma na gargajiya zalla ba su yi lissafi ba. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. Busasshen takin turke da ya sha rana, naitirojin ɗinsa bai wuce kashi 1 ko ɗan sama da haka ba. Kafin a sami abin da ke cikin buhu ɗaya, sai an yi jigilar kusan tan biyu. Mai awaki biyar ba shi da wannan. Ga kuma ƙarancin sinadarin fosfaras da ya addabi ƙasashenmu, wanda idan babu shi wake da gyaɗar ma ba sa yin aikinsu yadda ya kamata. Jama'a na ƙaruwa, gona na tsukewa da rabon gado, ba yadda za a ciyar da kowa ba tare da an shigo da sinadarai daga waje ba.

Masu ganin buhu ya wadatar su ma sun yi kuskure. Kamfa ba ta ƙara wa ƙasa kabon, ɗan abin da ke cikin yuriya kuma iska yake bi cikin kwanaki kaɗan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fara wani gwaji tun 1950, inda aka yi ta noma filaye iri ɗaya, wasu da kashin shanu, wasu da takin zamani, wasu da duka biyun, wasu ba komai. A Sariya ta ƙasar Burkina Faso ma an fara irinsa a kan dawa a 1960. Darasin da ya fito daga wuraren biyu ɗaya ne: inda aka daɗe ana zuba takin naitirojin shi kaɗai ana kwashe kara, ƙasa ta yi tsami, kabon ya ragu, amfani ya riƙa ja da baya. Inda aka haɗa shi da kashin dabbobi, nan ne aka fi samun amfani, kuma ya ɗore. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: sai ƙasa na da ɗan ƙarfinta sannan take iya cin moriyar buhu. Wadda ta rafke, rabin takin ruwa ne zai wanke shi, ƙuduji kuma ya ƙarasa dawar.

Akwai hanyar da takin zamani ke ƙara kabon, amma zagaye take yi. Gonar da ta sami kamfa da yuriya ta fi yin saiwa, ta fi yin kara da karmami da harawa. Saiwar na ruɓewa a inda take. Sauran kuma idan dabbobin gida suka ci, juji ya ƙaru, mangala ta ƙaru. Ashe buhu da turke ba kishiyoyi ba ne. Sharaɗin kawai shi ne abin da gona ta fitar ya sami hanyar komowa.

Inda zagayen ke yankewa

A nan ne matsalar yau take. Kara na da masu nema da yawa: murhu, darni, rufin ɗaki, masu ƙosai da masu tuyar awara. A wasu wuraren har tushiya ake tonewa a ƙona, gona ta kwana tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa, iskar bazara na kwashe samanta. Harawa ta zama haja mai tsada, ana loda ta a mota zuwa birni don kiwon ragunan layya, kashin ragunan kuma ba lalle ya koma ƙauyen da harawar ta fito ba. Takin bolar birni da ake kaiwa gona yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da batura.

Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi ma ta yi sanyi. A da, bayan an kawar da amfani, manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsa, shanu su ci kara su kwana suna zuba kashi da fitsari, a sallame shi da dami. Wannan ita ce hanyar da ƙarfin daji ke shigowa gona. Cinye burtali da makiyaya da noma, da rikici da rashin tsaro, sun rage ta ƙwarai. Asarar ba ta tsaya ga zumunci ba, ta taɓa ƙasa kanta.

Manufofin hukuma kuwa sun daɗe suna kallon ɓangare ɗaya. Taron shugabannin Afirka da aka yi a Abuja a 2006 ya ƙudurta ɗaga amfani da taki daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, burin da yawancin ƙasashe ba su cim ma ba. A 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, a shekarar ce kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin taki ya yi tashin gwauron zabo. Sai a irin wannan taro da aka yi a Nairobi a 2024 aka haɗa lafiyar ƙasa da taki a ƙarƙashin take ɗaya. Wannan ci gaba ne, amma har yanzu tallafin da ke isa hannun manomi, idan ya isa, buhu ne kawai.

Mafita

Gyaran farko a turke yake, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kaso mai tsoka na naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake. Idan aka shimfiɗa ƙaiƙayi ko ragowar ciyawa a ƙarƙashinta, za su tsotse shi. Idan aka tara takin a rami ko a inuwa aka rufe, ba zai ƙone a rana ba. Idan aka kai shi gona dab da faɗuwar ruwa aka binne, ba zai shafe watanni iska na busar da shi ba. Tunda mata ne ke kula da turke, duk malamin gonar da ya tsaya wajen maigida kaɗai ya bar rabin aikin.

Na biyu, a sa takin zamani kaɗan inda zai yi amfani. Masu binciken cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan takin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, idan aka sa shi a ramin shuka, yana ƙara wa gero yabanya sosai, balle a haɗa shi da damƙin takin gida kamar yadda manoman Tawa ke yi a ramukan tassa. Na uku, a ƙara wa wake fili, musamman irin da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Na huɗu, itace. Manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani da aka fara yaɗawa a shekarun 1980, sun raini kututturan da ke tohowa a gonakinsu har suka farfaɗo da miliyoyin hekta. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, reshen da aka sassabe kuma na rage wa kara shiga murhu.

Ana ta maganar biyan manoma kuɗi don su adana kabon a ƙasa saboda sauyin yanayi. Kada a ruɗi kowa da wannan: yashi mai zafi ba zai tara kabon mai yawa ba, kuma abin da aka tara a shekara goma na iya zubewa a shekara biyu na sakaci. Ribar manomi ta fi kusa da haka. Ita ce geron da ya tsallake fari, da buhun da ya biya kuɗinsa.

Don haka duk shirin tallafin noma da zai zo, a auna shi da tambayoyi biyu maimakon ɗaya. Bayan an ƙirga buhunan da aka raba, a tambayi ko manomi ya sami irin wake, da amalanken jigila, da makamashin girki da zai sa ya bar kara, da burtalin da shanu za su bi su iso gonarsa lafiya. Shirin da ya kasa amsa ta biyun, hatsin bana kawai ya saya, kuma 'ya'yan manomin ne za su biya bashin a gonar da za su gada.