John Saxon a Italiya: sunan da aka saya don fosta

Galibinmu ta hanyar Bruce Lee muka san John Saxon. Shi ne Roper a Enter the Dragon na 1973, Baturen nan ɗan caca da bashi ya koro zuwa tsibirin Han. Masu bin finafinan ban tsoro kuma za su tuna shi a matsayin ɗan sanda, mahaifin Nancy, a A Nightmare on Elm Street na 1984. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne shekarun da ya yi yana kai-komo tsakanin Hollywood da birnin Rum, yana fitowa a finafinan da aka haɗa da kuɗi ƙalilan. A ganinmu can ne ake gane irin ɗan wasan da yake.

Sunansa na yanka Carmine Orrico. An haife shi a Brooklyn a 1936, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Wakilinsa Henry Willson, wanda ya raɗa wa Rock Hudson suna, shi ya mayar da shi John Saxon don kada a ji ƙanshin Italiya a jikinsa. Da kasuwar samarin Hollywood ta yi sanyi, sai ga Italiyawa sun zo suna sayen wannan suna na aro, saboda fim ɗin da ke da Ba'amurke a fosta ya fi saurin samun dillali a ƙasashen waje. Su kansu daraktocin sunan aro suke sakawa: Antonio Margheriti yakan sa hannu da Anthony M. Dawson.

Tsarin aikin ma daban ne. A Italiya ta wancan lokaci ba a cika ɗaukar murya a wurin ɗaukar hoto ba, sai daga baya a ɗora ta a situdiyo, da Italiyanci ko Turanci ko Jamusanci, gwargwadon ƙasar da za a kai fim ɗin. Duk wanda ya saba kallon fassarar finafinan Indiya da Hausa ya san abin da wannan ke nufi: murya tana iya zama ta wani, ma'anar zance tana iya canzawa, abin da ya rage wa ɗan wasa shi ne fuskarsa da yadda yake tsayuwa. Saxon yana da fuskar da ake yarda da ita, kuma ba ya cika motsi.

Farkon finafinansa na tsoro a can shi ne La ragazza che sapeva troppo na Mario Bava, 1963, wanda masu nazari da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin salon giallo. Kalmar na nufin ruwan ɗorawa, daga launin bangon littattafan kisan kai da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. Wata Ba'amurkiya, Nora, ta sauka Rum, ta ga an kashe mace da dare a matattakalar Piazza di Spagna, gari ya waye babu gawa, babu mai gaskata ta. Saxon ne Marcello, matashin likitan da ke zagayawa da ita. A gaskiya ba shi da wani abin yi a nan da ya wuce murmushi da rakiya. Fim ɗin na kyamarar Bava ne, na inuwa da haske a baƙi-da-fari. Da nan ya tsaya, da ba mu rubuta komai a kansa ba.

Cannibal Apocalypse na Margheriti, 1980, shi ne inda abin ya yi nauyi. An ɗauke shi a Atlanta ta Amurka. Saxon ne Norman Hopper, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, wanda ya miƙa hannu don ceto sojojinsa biyu daga ramin da aka tsare su, ɗaya ya gartsa masa cizo. Cizon yana ɗauke da wata cuta mai sa mutum kwaɗayin naman ɗan'adam, kuma tana yaɗuwa. Labarin a takarda shirme ne, kuma fim ɗin yana cike da ƙazantar da ta jefa shi cikin jerin kaset-kaset ɗin da hukumomin Birtaniya suka yi wa dirar mikiya a shekarun 1980. Saxon da kansa ya sha faɗa a hira cewa bai fahimci irin fim ɗin da ya sa wa hannu ba sai da aiki ya yi nisa, kuma ya nesanta kansa da shi.

Duk da haka, mu muna ganin wasansa a nan ya fi na Enter the Dragon. Dubi inda ya farka daga mummunan mafarki ya buɗe firji, idonsa ya tsaya a kan ɗanyen nama. Bai zare ido ba, bai yi gurnani ba. Mutum ne da ke jin kunyar abin da ransa ke so. Giovanni Lombardo Radice, wanda ya fito a matsayin Bukowski, shi aka bar wa hauka da ihu, kuma ya yi su da kyau. Amma da Saxon ma ya bi wannan hanya, da fim ɗin ya zama wasan dodanni kawai. Natsuwarsa ce ta sa muke karanta cutar a matsayin yaƙin da soja ya dawo da shi gida, ya shiga da shi ɗakin matarsa. Wataƙila ma ƙyamar da yake yi wa aikin ce ta fito a fuskar Hopper. Idan haka ne, Margheriti ya ci riba da ita.

Wasu za su ce wannan ba ƙwarewa ba ce, neman abinci ne, kuma ba su rasa hujja ba. Ya fito a finafinan Italiya da dama da ba za mu ba kowa shawarar ɓata datarsa a kansu ba, inda yake shigowa cikin kwat ya faɗi layi uku ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ko a irin waɗannan da wuya ka kama shi yana yi wa fim ɗin kallon raini, cutar da ke kama taurari da yawa idan sun sauko ƙaramin aiki.

A Tenebrae na Dario Argento, 1982, ba shi ne jarumi ba. Anthony Franciosa ne marubucin da ake kashe mutane bisa salon littafinsa, Saxon kuma wakilinsa ne, Bullmer, mai fara'a da son kuɗi, wanda ke ta alfahari da sabuwar malafarsa. Argento ya zaunar da shi a wani fili a unguwar zamani ta Rum, da rana tsaka, yana jiran wata. Babu duhu, babu lungu. Na tsawon mintuna muna kallonsa yana kallon mutane: masu wucewa, masu cacar baki, yaro da ƙwallo. Yana gundura kamar kowa, har mu ma muka saki jiki. A nan wuƙa ta same shi, a tsakiyar jama'a, kuma sai da ya kai ƙasa kafin waɗanda ke wurin su lura.