Inji Ba Ya Koya Wa Mutum Ruwa

Jama'a, wai yaushe tuƙin jirgin ruwa ya zama sana'ar da ake shiga da hantsi a fara ɗaukar fasinja da la'asar? Yanzu a bakin madatsun ruwanmu, da mutum ya sayar da gyaɗarsa ko ɗan bijiminsa ya ɗaura inji a gindin kwale-kwale, shi ke nan an yi direba. Wani ma ƙaninsa zai miƙa wa, yaron da gemu bai fito masa ba. Ya iya fizgar igiya inji ya tashi, ya iya karɓar kuɗi da ba da canji. Karatu ya ƙare.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mutanen Bagwai da Bichi da Ɗambatta manoma ne. Gero da dawa da gyaɗa kakanninmu suka sani, ruwansu kuwa rijiya da kududdufi da rafin da ke ƙafewa da rani, sai 'yan masunta masu hawa gora. Babban ruwa baƙo ne a wurinmu. Ya zo ne da madatsun da aka soma ginawa tun zamanin Audu Baƙo, Tiga can kudu a 1974, mu kuma Watari da Tomas suka same mu har gida. Ba mu da gadon Sarkawan Yawuri ko na Argungu, inda yaro ke buɗe ido ya ga filafili a hannun ubansa. Wanda bai gaji abu ba ai shi ya fi kowa bukatar zama ya koya. Mu kuwa sai muka tsallake koyon muka faɗa kan inji.

Ku lura da tsohon matuƙi in yana lodi, in har kun samu wanda ya rage. Ba ya barin kowa ya zaɓi wurin zama. "Hajiya, dawo nan tsakiya. Kai ɗan samari, sauke buhun nan ka kwantar da shi ƙasa." Sai ya leƙa gefen jirgin ya auna da tafin hannunsa abin da ya saura tsakanin baki da ruwa, in bai gamsu ba ya sauke mutum biyu, ko za su zage shi. Yaronsa na tsugune da rabin jarka yana kwarfe ruwa. Ya san inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke, ya san ƙullin da ke riƙe jirgi kwana guda amma ya warware da ja ɗaya. In gabas ta yi baƙi ba ya tashi, ko nawa za ka ba shi. Wanne daga cikin waɗannan ake sayarwa tare da inji a kwali?

Abin da ke ƙara ba ni haushi, masu injin na gaske ba su raina tsohon ilimi ba. Sojojin ruwan Italiya har gobe suna horar da sababbin hafsoshinsu a kan Amerigo Vespucci, jirgi mai tafiya da iska da aka ƙera a 1931. Masu gadin gaɓar tekun Amurka suna da nasu, Eagle, ƙirar Jamus ta 1936. Yaran da gobe za su riƙe jiragen yaƙi masu kwamfuta, sai an sa su hawan dogayen turakun jirgi, su ja igiya hannu ya yi kanta, su naɗe ƙyallayen da iska ke turawa, su haddace sunan kowace igiya da aikinta. Ba rashin kuɗin mai ba ne. So ake jikinsu ya san iska da ruwa kafin a ba su maɓalli. Mu da ko yaron mota ba ma ba shi sitiyari sai ya shekara da shekaru yana wanki da ɗaurin kaya, a ruwa ne muka ga babu bukata.

Ba wanda ya manta 30 ga Nuwamban 2021, ranar da jirgi ya kife a Watari da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi, aka ciro gawa aƙalla ashirin da tara, yawancinsu yara. Allah Ya jiƙansu. Lodi ne ya wuce kima, abin da ido ke gani tun daga gaɓa. Tun daga nan, duk inda jirgi ya nutse a Arewa, a Yawuri ne ko Sakkwato ko Neja, maganar ɗaya ce: rigar kariya. A zo da manya, a jera riguna masu ruwan lemo, a ɗauki hoto, a watse.

To, na yarda, rigar tana ceton rai, inji kuma ya kai mai naƙuda asibiti da wuri. Ban ce a koma filafili zalla ba. Amma riga sai an faɗa ruwa take aiki, ni kuwa maganata kada a faɗa ɗin. Ban taɓa ganin hoton wani babba tsaye kusa da tsohon masunci yana koya wa yara goma lodi da ƙulli da karatun hadari ba, ƙila don abin ba ya kyau a Facebook. A ɗauko Sarkawa biyu daga Yawuri su yi damina ɗaya a Watari da Tomas, Sarkin Ruwa kuma ya hana kowa ɗaukar fasinja sai ya tsallaka da jirgi cike da buhunan yashi, inji a kashe, da filafili kaɗai. Rabin direbobinmu na yanzu sai an je an jawo su.